Ƙusar da Ta Sa Baban Faci Rawa

Duk direban da tayarsa ta taɓa sacewa a kusa da gidan man nan na bakin titi ya san Baban Faci. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga surutu kamar rediyo, kuma tun yana saurayi yake zaune a rumfa ɗaya, tsakanin injin iska da bahon ruwan da yake tsoma tiyub. A rumfar ya yi furfura, da ita ya aurar da 'ya'yansa.

Abin alfaharinsa hannun dama ne. Sauran masu faci sai sun haska tocila cikin taya suna leƙe kafin su ga abin da ya huda ta. Shi kuwa ido yake rufewa, ya zura hannu, ya zagaya da yatsu a hankali, sai ka ji ya ce, "Ƙusa ce," ko "Kwalba ce, ga ta nan." Sannan ya buɗe ido yana kallon jama'a, yana jiran yabo. Matarsa, wadda kowa ke kira Mama, takan ce da hannun nan yana cin abinci shi kaɗai, da tuni ya ƙaura ya bar su.

Wata safiya kofin shayi ya suɓuce masa, ɓarin jikinsa na dama ya yi nauyi. A asibiti aka ce ƙaramar jijiyar jini ce ta toshe a ƙwaƙwalwa, amma abin ya zo da sauƙi. Ba a daɗe ba ƙarfi ya dawo. Ranar da ya koma rumfa duk layin sai da ya sani, don kowa ya ba shi hannu sai ya matse shi har ya yi ƙara.

Tayar farko ta wani mai tasi ce, tsohon abokin cinikinsa. Baban Faci ya rufe ido, ya zura hannu, ya zagaya, ya sake zagayawa. Shiru.

"Babu komai a ciki," in ji shi.

"Baba, dubi hannunka!" in ji mai tasi.

Jini ne ke bin yatsunsa har gwiwar hannu. Ƙusar tana nan, ta tsaga shi, bai ji ba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko a gadon asibiti.

To, mai faci dai mai faci ne. Inda iska ke fita nan ake liƙewa, saboda haka ya tasa hannun a gaba. Ya wuni yana matsa tsohon tiyub don ƙara masa ƙarfi, hannun da ƙarfi ya riga ya yi masa yawa. Ya shafa mai, ya murza, har faɗa yake yi masa. Ranar da Mama ta same shi ya tsoma shi a ruwan zafi yana tururi, fata ta yi ja shi ko a jikinsa, ranar haƙurinta ya ƙare.

"Wallahi ko mu koma asibiti, ko in sa a sayar da injin nan ka zauna a gida. Ba zan zuba ido ka dafa kanka ba."

Likitar gashin ƙashi mace ce mai fara'a. Ta ɗauko ƙwaƙwalwar roba daga kan tebur, ta raba ta biyu a gabansa.

"Baba, hanya biyu ce tsakanin kai da hannu. Ɗaya tana saukowa daga nan, ta bi ta laka, ta kai umarni: kama, saki, matsa. Taka lafiyarta ƙalau. Ɗayar hawa take yi, tana kawo labari: zafi, sanyi, kaifi. Kafin labarin ya isa sama, akwai wata 'yar tasha a tsakiyar kai da yake yada zango. Can abin ya taɓa ka, a ɓangaren hagu."

"Hagu? 'Yata, dama ne ke damuna."

"Ai hanyoyin tsallakawa suke yi. Hagun kai ne ke kula da daman jiki."

Baban Faci ya miƙe tsaye, kujera ta faɗi. "Mama, kin ji? Ashe hujin ba a hannu yake ba! Wata da watanni ina faci inda babu huji!" Ya karɓi ƙwaƙwalwar robar yana jujjuyawa, yana tambaya ba ƙaƙƙautawa. Da likita ta nuna masa layin da ke karɓar labarin jiki, ta ce yatsu da leɓe sun fi baya gaba ɗaya samun fili a wurin, sai ya buga cinya. Shi dama ya sani, in ji shi, ba banza yake kara tiyub a leɓe don jin iska ba.

Ba ta yi masa alkawari ba. Ta ce ƙwaƙwalwa kan koyi sabuwar hanya in an dame ta da aike, wani ya samu da yawa, wani kaɗan. Ta ce a cika kwano da yashi, a binne ƙananan abubuwa, ya lalubo ido rufe, ya faɗi sunan abin, sannan ya duba.

Mama ta karɓi aikin da hannu biyu. Kullum da yamma sai ta binne noti, mabuɗi, maɓalli, murfin kwalba. Ya ɗauko mabuɗi ya ce cokali ne, ta yi dariya har da hawaye, shi kuma ya ce ta sake binnewa. Wani lokacin ranta yakan ɓaci in ta ga ya zuba wa yatsunsa ido. A rumfa kuwa da hagu yake aiki, da tocila a baki kamar kowa, kuma wannan tocilar ta fi ciwon ci masa rai. Mama ta kafa sharaɗi: hannun dama ya sake tsagewa bai sani ba, an rufe rumfa.

Rannan da hantsi sai ga mai tasi da wata tayar. Mama ta kawo abinci, tana zaune a benci. Baban Faci ya ɗauki tocila, ya ajiye. Ya saci kallonta, ya rufe ido, ya zura hannun dama a hankali.

"Wayyo!"

Ya fizgo hannun yana yarfewa. Sai ya tsaya cak. Ɗigon jini ne ɗan mitsitsi a kan manuniya.

"Ta soke ni! Jama'a, ta soke ni, na ji! Ƙusa ce, siririya, tana gefen nan!"

Mai tasi ya haska, ga ƙusa kuwa. Baban Faci ya zagaya injin iska yana rawa, yatsa a sama, ya nuna wa masu sayar da mai, ya nuna wa wani mai babur da bai san hawa ba bai san sauka ba. Murna ta hana shi tsayawa wuri ɗaya.

Mama ta kamo hannun da ƙyar, idonta cike da ƙwalla, ta danna wurin da bakin mayafinta don jinin ya tsaya.

"Da zafi?" ta tambaya.

"Da zafi sosai," in ji shi. "Ƙara dannawa."