Buba Ya Miƙar Min da Kan Keke

Jama'a, ku riƙe ni kafin in yi ɓarna a Garwa yau!

Kun san tsohon keken tseren nan na ƙarfe da na daɗe ina roƙon wani dattijo a Figil ya sayar min? Yau ya yarda! Na ɗoro shi a mota har gida. Kansa a lanƙwashe yake kamar ƙahon rago, abin da ya sa nake mutuwar sonsa ke nan.

Na jingine shi a ƙofar maƙwabcina Buba mai walda, na shiga masallaci. Ina fitowa sai ga kan keken a miƙe samɓal, baƙi ƙirin da ƙunar wuta!

Na ce, "Buba, me ka yi?!"

Ya ce, "Na ga hatsari ya lanƙwasa shi, shi ne na miƙar maka. Kado ne, wato kyauta, kar ka biya."

Har yana jiran godiya!

Ya manta ni ne telansa, kuma shaddarsa ta Sallah tana shagona. Na ga wandon ya yi masa tsawo. Zan rage masa har gwiwa. Ni ma kado ne!