Kafaɗar da Inji Ya Karkatar

Likitan kamfaninmu ne ya fara ce mini in riƙa motsa jiki. Lokacin ina aiki a wata masana'antar saƙar buhu a Sharaɗa, na haura arba'in, tumbi ya soma turo riga, jini kuma ya hau. Ya kwance abin awo daga dantsena ya ce, "Malam, magani zai yi nasa, amma sai ka taimaka masa. Ka riƙa tafiya, in da hali ka ɗan riƙa sassarfa."

Na ɗauki maganar da zafi. Na sayi kambas na gwanjo, duk ranar Lahadi in an idar da sallar asuba sai in hau babur daga Zawaciki in taho Sharaɗa, in bar shi wurin maigadinmu, in kama titin da ya ratsa tsakanin kamfanoni. Ranar Lahadi babu tireloli, babu hayaniyar masu sauyin aiki, daga ni sai dogayen katangu da awakin unguwa. A ganina gudu ba abin koyo ba ne, kowa da shi ya tashi. Sai in sunkuyar da kai, in cije haƙora, in dunƙule hannu, in yi ta dukan kwalta har numfashi ya ƙare.

Ba a jima ba gwiwata ta hagu ta kumbura. Maiɗakina tana shafa mini man zafi tana cewa, "Wannan neman lafiyar taka ta fi ciwon wahalar da mu." Har na soma tunanin in haƙura.

Akwai wani dattijo a wurin aikinmu, shi ne babban mai gyaran injuna, mutumin Filato, kowa Baba yake ce masa. Yana ɗingishi da ƙafar dama, kuma kullum a kan wani tsohon keke yake zuwa. Gaisuwa kawai ke haɗa mu, sai in injina ya tsaya. Ashe duk Lahadi yakan leƙo ya duba janareta kafin ya wuce coci. Wata safiya ina tsaye a bakin kwata ina haki, na dafe gwiwa, sai ga shi ya ja birki a gefena.

"Malam, tun daga kwanar can nake jin ka," in ji shi. "Na zaci siminti ake saukewa daga mota."

Na yi dariyar yaƙe na ce, "Baba, nauyi ne ya yi yawa."

"Ba nauyi ba ne. Faɗa kake yi da ƙasa, kuma ita za ta ci ka."

A nan ya gaya mini cewa da ƙuruciyarsa ɗan tsere ne, ya yi wa makarantarsu gudu, har ya wakilci jiharsu, kafin haɗarin mota ya karya masa ƙafa. Bai ja labarin ba. Ya ce in ina so, Lahadi mai zuwa ya bi ni a keke. Na ce ina so.

Abin da ya fara sa ni shi ne sauraro. "Yi gudun da ba zan ji ba," ya ce. Na gwada, na koma sanɗa kamar ɓarawon kaji, ya yi ta dariya har ya sauko daga keke. Sannan ya nuna mini cewa ina wurga ƙafa can gaba, diddige ya daki kwalta, kamar mai taka birki a kowane taku. Ya ce in rage faɗin taku, ƙafa ta riƙa sauka a ƙarƙashina, in kuma ɗaga kai in dubi ƙarshen titi maimakon tsinin takalmina. Na ji kamar ba na ci gaba. Amma ranar na koma gida gwiwa ba ta yi zugi kamar kullum ba.

Wata Lahadin ya tsayar da ni a gaban wani ofis mai baƙin gilashi, ya ce in tsaya yadda na saba tsayawa.

"Me ka gani?"

"Ni na gani, Baba."

"Dubi kafaɗunka."

Na duba da kyau. Kafaɗata ta dama ta ɗaga sama ta turo gaba, ta hagu ta zube, jikina duka ya ɗan karkace kamar ƙyauren da ya saki. Ban taɓa lura ba, alhali kullum ina duba madubi in gyara hula.

"Injinka ne," in ji shi. "Shekara nawa kana jan naɗin zare da hannun dama, ka jingina a ƙafar hagu? Ka tashi daga aiki, jikinka bai tashi ba. Da haka kake gudu, gwiwar hagu ce take ɗaukar kayan kowa."

Na daɗe a gaban gilashin nan. Na rasa ko tausayin kaina nake ji ko mamaki. Jikin da nake ciki tun haihuwa, sai wani ne ya nuna mini shi.

Daga nan muka koma kan hannuwa. Ya ce in saki yatsu kamar na riƙe ɗan tsako, kada in matse shi kuma kada ya kufce. Gwiwar hannu ta riƙa komawa baya, hannun dama ya tafi tare da ƙafar hagu, na hagu da ta dama, kada hannu ya ƙetare ƙirji. A baki abu mai sauƙi. A kan titi kuwa, in na gyara hannu sai ƙafa ta koma dukan kwalta, in na gyara ƙafa sai kafaɗa ta haye kunne, in na tuna da kafaɗa sai in manta da numfashi. Rannan haushi ya kama ni na tsaya cak.

"Baba, ku bar ni in yi guduna yadda na iya. Wannan ai ya fi aikin inji wuya."

Bai ji haushi ba. Ya ce, "Laifina ne, na ɗora maka da yawa. Yau kafaɗa kawai. Sauran ka bar su su yi abin da suka ga dama."

Haka muka ci gaba, kowace Lahadi da abu guda. A wurin aiki ma bai ƙyale ni ba. In ya zo wucewa ta bayan injina, cikin ƙarar da ba a jin magana, sai ya ɗan taɓa mini kafaɗa da sifana ya wuce, ni kuma in sauke ta. Na koyi sauya ƙafar da nake jingina a kai. Har a sahun sallah na soma jin yadda nake tsayawa, in daidaita nauyina a ƙafa biyu.

Ranar da abin ya haɗu, da damina ne. An kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi, muka bar Sharaɗa muka miƙa hanyar Challawa. Ban san lokacin da na daina lissafin gaɓoɓina ba. Na dai ji hannu yana kai ƙafa, ƙafa tana kai numfashi, ƙirjina a buɗe, kwalta tana wucewa a ƙarƙashina ba tare da na doke ta ba. Ko warin kamfanonin jima da iska ke kwasowa bai dame ni ba. Baba yana baya, ƙarar sarƙar kekensa kawai nake ji. Da na tsaya ya iso yana murmushi.

"Yau ka yi gudu," ya ce.

Muka zauna a teburin mai shayi. Na tambaye shi ko ba ya jin ciwo a ransa, yana kan keke yana kallon wani yana abin da shi ya fi iyawa. Ya juya cokali a kofi ya ce da farko, bayan haɗarin, ko filin wasa ba ya son wucewa. "Amma yanzu in na ga mutum ya saki jiki yana tafiya daidai, ina jin sa a tawa ƙafar." Ya shanye shayinsa ya ce zai makara coci.

Gwiwata ta warke. Likita ya rage mini magani, maiɗakina ta ajiye man zafi. Na yi ta neman abin da zan yi wa Baba, komai na kawo sai ya ce in kai wa yara.

Da ya yi ritaya ya koma garinsu, na raka shi tasha, na taimaka aka ɗaure kekensa a saman mota. Mukan yi waya jefi-jefi. Kwanakin baya ya kira ni, muryarsa cike da zumuɗi, ya ce wata makarantar ƙauyensu ta roƙe shi ya riƙa koya wa ɗalibai gudu, kuma akwai 'yan mata masu ƙafa sosai, sai dai yawancinsu da silifas suke zuwa.

"Malam, in ka shiga kasuwa ka duba mini kambas na gwanjo, ƙanana."

"Baba, an gama," na ce.

Wannan ne karo na farko da ya nemi wani abu a wurina. Ranar Asabar muka shiga kasuwa ni da maiɗakina, ita ta fi ni ido a kan kaya. Muka yi ta lanƙwasa takalma muna duba ƙasansu, muka cika buhu, irin wanda injina yake saƙawa. Ta wanke su tas ta shanya a tsakar gida, da suka bushe na kai wa direban motar Jos da kaina.