Ƙanen da Bai Hau Jirgi Ba

A gidanmu na unguwar Mount Hope a New York babu murhu. Idan sanyi ya shigo, ƙarfen ɗumama ɗaki muke kewayewa bayan an ci tuwo, Kaka ta miƙe ƙafafu ta ce, "Ku matso, tatsuniyar yau da idona na ga rabinta."

Kaka ta yi shekaru tana aikin kula da wani tsoho ɗan Ireland, wanda a da direban bas ne. Labarinsa da ƙanensa ta fi ba mu. Tare suka tashi a gonar tumaki. Babban ya samu jirgi zuwa New York, duk ƙauye ana yi masa barka. Ƙaramin ya zauna. Ba a jana'iza babu shi, ba a sasanta rikicin iyakar gona babu shi, har aka zaɓe shi kansila. Ya sa aka gyara hanya, aka kawo famfo. Daga nan ya tafi majalisar ƙasa a Dublin, ya taɓa faɗuwa zaɓe, ya sake komawa.

"Duk ranar da aka ce ya ci zaɓe," in ji Kaka, "tsohona ba ya taɓa abinci. Sai ya ce, yaron da ni na koya wa ɗaure takalmi."

Ƙanen ya taɓa zuwa New York, ya hau bene har ƙofa ya ƙwanƙwasa. Tsohon ya riƙe hannun Kaka, ya ce kada ta buɗe. Suna jin takunsa har ya sauka. Da ƙanen ya rasu, a waya suka kalli jana'izar, mutane sun cika titi cikin ruwan sama. Tsohon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ni wa zai zo tawa?"

Da na girma na raka Kaka garinsu, Damagaram. Ƙanwarta, wadda ba ta taɓa barin gari ba, tana zaune a kan tabarma a tsakar gida, mata na shigowa suna durƙusawa, wannan ta kawo ƙara, waccan ta kawo jariri a sa masa albarka. Kaka na gefe da akwatunan tsaraba, wata yarinya ta tambaya baƙuwar wace ce.

A mota Kaka ta ce mini, "Da na zauna a gida, da ni ce a kan tabarmar nan."

A da na ɗauka da labarin tsohon gargaɗi take mana kan ƙyashi. Ashe nata take neman inda za ta sauke.