Gidan da ke Ƙarƙashin Titi

Mijina Sabo ɗan Damagaram ne. Ya zo Faransa yana saurayi, ya yi aiki a wata masana'antar sinadarai a Saint-Fons, kudu da Lyon, har ƙirjinsa ya fara shaƙewa, suka sallame shi. Ni ina aiki a ɗakin gwajin jini. Muna zaune a Rillieux, hawa na shida, kuma ban taɓa ganin ya bi matakala ba muddin na'urar hawa bene tana aiki.

Ƴarmu ɗaya ce, Rahama. Ta karanta ilimin ƙasa, ta duƙufa kan abin da ke sa ƙasa zaftarewa. Binciken ya kai ta Aizawl, birnin mutanen Mizo a arewa maso gabashin Indiya, wanda aka gina bisa tsaunuka. Ta kama ɗaki a gidan wata dattijuwa, Pi Zothani, kuma a nan ciwon ya kwantar da ita. Mota ba ta isa ƙofar gidan, sai samarin unguwa suka ɗauke ta a kujera, suna karɓa-karɓa, har bakin titi. An dawo mana da ita Lyon. Ta rasu bayan wata biyu.

Da aka share makoki na kira Pi Zothani na yi mata godiya da ɗan Ingilishin da na iya. Sabo na zaune yana saurare.

"Wannan sanarwa ce, Fatsima," in ji shi. "Wanda ya ɗauki ƴarka a kafaɗa, da ƙafa ake zuwa ƙofarsa."

Likitansa bai hana ba, sharaɗi ya kafa: sai ranar da Sabo ya iya haye matakalun tudun Croix-Rousse da ke cikin Lyon daga gindi zuwa kai ba tare da ya zauna ba. Washegari ya fara. Abokinsa Bouba, mutumin garin Garwa da suka yi aiki tare, shi ke raka shi, ko da yake rabin rakiyar tsiya ce.

"Tsoho, wannan numfashi naka ko zugazugin maƙera. Ka bari in kira motar asibiti ta riƙa bin mu a baya."

"Kai dai riƙe mini goran ruwa. In na faɗi ka ce wa Hajiya tumbinka na yi tuntuɓe da shi."

Makon farko a matakalar farko ya zauna. Ya ci gaba cikin sanyi da ruwan sama. In sun kai sama sai su shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, su sauko, don Sabo ya ce gangara ba aiki ba ce, ko tulu aka sake zai iso ƙasa. Ranar da ya haye bai zauna ba, ya dawo gida. Ya ajiye hularsa, ya tambayi inda fasfo ɗinmu yake. Muka je Paris neman biza, muka biya unguwar Goutte d'Or ya zaɓa wa Pi Zothani turmin atamfa mai ruwan shuɗi da zanen dabino.

A Aizawl ya ƙi tasi. Ya ce inda Rahama ta taka zai taka. Muka bi titin da ke kan ƙashin bayan tsauni, gidaje na rataye dama da hagu bisa dogayen ginshiƙai, gajimare a ƙasa da mu. Motoci sun yi layi, ba mai danna wa wani oda. Muka ratsa babbar kasuwa, mata na sayar da tsiron gora da ganyen da ban san sunansa ba. Sabo ya kan nuna wani gini ya ce, "Ga shi can kusa," sai mu tarar akwai kwari tsakaninmu da shi. Duk hawan da muka tarar ya yi shi a tsaye, a hankali, hannu a ƙugu.

Da muka isa unguwar, wani mai shago ya nuna mana gidan. Ba sama ya nuna ba. Rufin kwanon yana can ƙasa, matakala siririya ta gangara zuwa gare shi kamar igiyar guga, ruwan sama ya jiƙa ta. Mu mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, in an ce dutse, hawa muke ji. Sabo ya horar da ƙirjinsa, gwiwoyinsa ba su taɓa koyon sauka ba. Bai yi nisa ba suka fara rawa, ya kama ƙarfen gefe.

Wasu samari biyu suka fito da kujera. Na gane kujerar tun kafin a faɗa mini, farar roba, an ɗaure ƙafafunta da gora biyu, kamar yadda Rahama ta kwatanta mana.

"Malam," na ce, "ba abin kunya ba ne."

"Na sani. Gaya musu sun riga sun ɗauki nasu kason."

Ya miƙa mini atamfar, ya juya ya ba kwarin baya, ya fuskanci matakalar kamar mai sauka daga tsani. Haka ya gangara, ƙafa ɗaya, sannan ɗayar, samarin na biye da kujerarsu ba kowa a kai.

Pi Zothani na tsaye a ƙofa, ƴar ƙaramar mace mai furfura. Sabo ya juyo, ya gyara hularsa, ya jira numfashinsa ya dawo. Sannan ya fara da Hausa, tun daga tushe: ina wuni, ina gajiya, yaya iyali, yaya ɗawainiya da baƙi. Na buɗe baki zan fassara, ta ɗaga mini hannu. Ta tsaya har ya kai ƙarshe, sannan ta matsa gefe ta ba mu hanya.