Malam Yusha'u Labaran da Katunansa Masu Huji

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga watan Maris na 1995, bayan sallar la'asar, Allah ya karɓi ran Malam Yusha'u Labaran na ofishin auna ruwan sama da na koguna, a gidansa da ke Kawo, bayan gajeriyar jinya. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, abotarmu kuwa ta girmi 'ya'yanmu.

Malam Yusha'u, jaridu ba za su buga labarinka a shafin farko ba. Na yi aikin jarida na san abin da ake sawa a can. Shi ya sa nake rubuta wannan.

A 1983 aka sanar da ku a ofis cewa duk lissafin ruwa zai koma kan kwamfuta. Aka ba ku wata shida: wanda ya iya ya zauna, wanda ya kasa a yi masa ritaya. Kana da shekara arba'in da 'yan kai, gida cike da yara 'yan makaranta, ba ka kuma taɓa ganin kwamfuta da idonka ba. Abokan aikinka biyu suka fara neman gona. Kai kuwa ka ari littafin FORTRAN, wato harshen da masana kimiyya ke ba na'ura umarnin lissafi da shi, ka shigo zaurena ka ce, "Ɗan jarida, an ce wai yare ne. Na koyi Turanci da bulala, wannan ko dukan babu."

A lokacin ofishinku ba shi da na'ura. Sai ka rubuta umarni a takarda, a huda shi a kan katuna, layi ɗaya kati ɗaya, a jera su a kwali a aika Zariya inda babbar na'urar take. Amsa ba ta dawowa sai bayan kwanaki, kuma sau da yawa abin da ke cikinta bai wuce an ƙi karɓa ba. Da ka gaji da haka, ka ari dabarar da muke duba kuskure da ita a ɗakin buga jarida: ɗaya na karantawa da ƙarfi, ɗaya na bi. Ni ke karanta layukan, ban san ma'anarsu ba. Kai ke zama na'urar, da alli a hannu, kana yin abin da layin ya ce kawai, ko da ka san ba shi kake nufi ba. In na ce ai a fili yake abin da ake so, sai ka ce, "Ita ba ta da hankali. Kai ma ajiye naka a ƙofa."

Ana saura 'yan makonni wa'adin ya cika ka kammala babban aikin da za a gwada ka da shi, lissafin ruwan da ya sauka a kwarin kogin Kaduna na shekaru masu yawa. Ka ba Audi, direban da ke kai maka saƙo daga tashar Kawo, kwalin katunan ya kai Zariya. Washegari sai ga shi da kwalin a hammata. Ya suɓuce masa a wajen sauke kaya, katunan suka watse.

"Ranka ya daɗe, ko ɗaya bai ɓata ba," in ji shi. "Na ma gyara maka su. Masu tsabta a sama, waɗanda suka taɓa ƙasa na mayar da su ƙarshe."

Ina wurin. Na ga fuskarka ta sauya, na kuma ga ka haɗiye abin da ya taso maka. Ka ce, "Audi, Allah ya yi albarka. Ka ci abinci?"

Ka shimfiɗa tabarma ka baza katunan. Ba ka tashi neman takardar asali a ofis ba, ka dinga ɗaukar kati ka karanta, ka ce wannan ba zai zo ba sai an gaya wa na'ura wancan, ka ajiye shi a gurbinsa. Can ka ɗago ka dube ni ka ce, "Ashe na iya." A ranar ka daina haddace harshen ka fara jin sa. Aikin ya tafi Zariya ya dawo da amsa, ofis ya karɓa. Daga nan kowane kwali sai ka ja masa jan layi a karkace a gefen katunan, don in sun sake watsewa ko Audi ya iya jera su.

Ƙwarewar ta zo a hankali, kamar yadda kake yin komai. Da ƙananan kwamfutoci suka iso ofis aka daina katuna, kai ka kwashe tsofaffin ayyukan ka mayar a kansu. Injiniyoyi masu zana magudanai da ƙananan gadoji sukan zo su tambaye ka yawan ruwan da za su yi wa tanadi, ka ba su amsa ka kuma faɗi inda ba ka da tabbas. Ranar Asabar kakan buɗe zaurenka ga duk mai son koyo. Cikinsu har da Delu Shehu, mai buga tafireta da ke huda maka katuna, wadda ta ce maka ita ba ta yi jami'a ba. Ka ce mata kai ma haka. Yau ita ke riƙe da sashen kwamfuta na ofishin. A wajen zaman makoki ta ce mini ba ka taɓa karɓe alli daga hannun ɗalibi ba, komai daɗewar da zai yi yana lalube.

Ritayar da aka tsoratar da kai da ita ba ta riske ka ba. Ka bar aiki ne a ranar da Mai kowa ya kira ka.

Allah ya jiƙanka, Malam Yusha'u, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa ilimin da ka bari ya zama sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyya ga uwargida Hajiya Hansai, da Sulaiman da Asabe da ƙannensu, da abokan aikinka. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.