Ranar da Aka Sauke Ba-Zama Daga Kan Rina

Ƙanen nan nawa da kuke gani yana shigowa yana kewaya tsakar gida kamar an biyo shi, haka yake tun yana ciki. Innarmu ta ce shurinta yake yi sai ta miƙe tsaye. Shi ya sa sunansa na yanka ya ɓace, kowa Ba-Zama yake ce masa, har matarsa in ranta ya ɓaci. In ya zo gaishe ki, ƙafa ɗaya na ɗaki ɗaya na waje, makulli na juyawa a yatsa.

Baba ya kai shi wajen tela ya koyi ɗinki. To ɗinki aikin zama ne, ina shi ina zama. Kafin a ankara ya kwance keken maigidan nasa ya baje a tabarma, wai yana so ya ga abin da ke kuka a ciki. Ya sha duka. Amma da ya mayar da shi, keken ya daina tsinka zare. Daga nan sana'a ta same shi, gyaran keken ɗinki. Bai taɓa kama shago ba. Shago-shago yake bi, gida-gida, da 'yar jakar fata mai sukundireba da kwalbar mai da tsumma.

Da hannunsa ya ɗan yi ƙarfi sai ya sayo wani babur. Sunansa na gaskiya bakina bai taɓa iya kama shi ba. Shi da abokansa masu babura dai Rina suke ce masa, don ja ne, ƙugu siriri, baya a ɗage sama. Ba a zama a kanta kamar mutum. Ruf da ciki ake yi a kan tanki, gwiwa a naɗe, kai a ƙasa. Sau ɗaya ya ɗauke ni, lokacin ina da cikin uwarku, zai kai ni awo. Na ɗare can sama kamar kaza a kan katanga, hannu ɗaya na riƙe da rigarsa, ɗaya na kokawa da mayafi. Da muka isa na ce ya tafi abinsa, da ƙafa zan koma.

Garejin da suke taruwa da yamma, katangar gidan nan ce bayansa, duk abin da suka faɗa a kunnena yake sauka ina tsintar shinkafa ko ina wanki. Kashi biyu ne su. Akwai 'yan ruf-da-ciki, su ƙanena. Akwai kuma 'yan kushin, masu manyan baburan nan dogaye masu ƙasa-ƙasa, kai mai faɗi, mutum ya miƙe ƙafa gaba ya jingina. Babbansu Mai Walda, wani ƙato, abokin ƙanena tun suna wasan ƙasa.

Kullum musu ɗaya ne. Ba-Zama ya ce wannan ba babur ba ne, falo ne aka sa wa taya. Ya ce mai shi kamar wanda ya zauna jiran wanzami, ga ƙara cike da unguwa, tafiya babu, in aka zo kwana kuma sai an roƙe shi. Mai Walda ya ce to shi dai yana ganin gari, gari na ganinsa, ba kamar wasu ba da ke wucewa a dunƙule kamar masu ciwon ciki. Ya ce ku riga mu isa, mu zo mu tarar kuna miƙe baya. A yi dariya, a watse, gobe a ɗora daga inda aka tsaya. Ni har na haddace.

Ana nan sai labari ya zo wai masu ƙera Rina sun rufe, ba za a sake yin ta ba. Da farko ba su damu ba. Sannu a hankali kaya suka ƙare a shaguna. Abu kaɗan ya lalace, mutum ya karaɗe kasuwa ya dawo hannu rabbana, na wani babur kuma ba ya shiga. Sai masu ita, ba su da yawa dama, suka kafa doka a tsakaninsu: Rinar da ta daina hawa titi, a kwance ta a raba wa masu tafiya. Yanka suke ce wa abin. Kuma ƙanena ne ya kawo dokar, shi ne mai tsananinta. Wani a cikinsu ya karye a ƙafa, bai gama warkewa ba ƙanena ya je da sufana. Wani ya rasu, Allah ya jiƙansa, ana karɓar gaisuwa shi yana leƙen inda aka jingine babur. Na yi masa tas a kan wannan. Ya ce Yaya, in aka bar ta a ajiye tsatsa ce za ta ci, gara ta yi gudu a jikin wata. Rabin tasa Rinar ma duk na mutane ne.

Shekaru suka tafi, gemu ya yi fari, yana nan a dunƙule a kan tanki. Sai baya ya fara. Da farko in ya sauka sai ya ɗan dafa ƙugu, ya ce ba komai. Daga baya ƙafar hagu ta riƙa mutuwa. Likita ya duba ya ce ƙashin baya ne, sunkuyo ya ƙare masa, in yana son ƙafarsa. Matarsa ta sa aka turo babur nan gidan, muka rufe shi da tsohon zanin gado, ta damƙa mini makulli ta ce ko kuka ya yi kada in ba shi.

Ku zo ku ga mutum. Ya shiga, ya fita, ya ɗaga zanin ya leƙa, ya goge abin da ba shi da ƙura. Teloli na ta aike, ya hau motar haya sau nawa, ya dawo yana zagin direba wai tsayawa ta fi tafiya yawa. Mai Walda ya ce ga tsohon kushin ɗinsa nan a ajiye, ya ɗauka. Ya ce gara ya yi rarrafe.

Akwai wani Dogo, mai kai magani shaguna, shi ma Rina gare shi, kafiretonsa ya mutu, aikinsa ya tsaya cik, ga iyali. Sai ya tsiri zuwa duba mara lafiya. A gidana fa, inda mara lafiyar ba ya kwana. Ya gaishe ni, ya sake gaishe ni, ido na kan zanin gado. Bai taɓa buɗe baki ya tambaya ba. Ba-Zama kuwa ya sani sarai. In sun haɗu sai ya riga shi magana, ya ce ba ta kwanta ba, hutawa take yi.

Wata safiya ya shigo ko sallama bai gama ba.

"Yaya, ba ni makullin."

Na ce matarka ta hana.

"Ke ce babba ko ita?"

Na ce a wannan maganar likita ne babba.

Ya tsaya, abin da bai saba ba. Ya ce, "In ba su gan ta a titi ba, yanka ta za su yi. Ni na kafa dokar nan, Yaya. Da wane baki zan hana?"

Na kwance bakin zani na ba shi.

Ya tashe ta, ya fita. Ina jin ƙararta ta zaga unguwa, ta yi nisa, ta dawo, ta tsaya a gareji. Na ji tafi da shewa ta bayan katanga. Sai kuma na ji shiru. Shirun ne ya fitar da ni ba takalmi.

Na tarar ya kashe inji amma yana nan kwance a kan tanki, ƙafa ɗaya a ƙasa tana rawa. Sun zaci burga yake yi. Ashe baya ne ya riƙe, ya kasa ɗagowa, ya kasa sauka, gumi na ɗiga daga gemunsa a kan tanki. Mai Walda ne ya fara ganewa. Ya sa Dogo ya riƙe babur, ya rungumo ƙanena ta baya ya ɗauke shi cak, a lanƙwashe yadda yake. Aka rasa inda za a ajiye shi, bencin gareji ba majingini. Sai a kan kushin ɗin Mai Walda. A kai aka kai shi asibiti, a hankali, yana jingine. Mai Walda ya gaya mini abu ɗaya kawai ƙanena ya ce a hanya, kada a bi da shi ta layin teloli.

Ya jima a kwance. Ba wanda ya sake tayar da maganar yanka, Dogo ma kunya ta hana shi zuwa. Da ƙanena ya fara takawa, shi da kansa ya aika aka kira masu Rinar. Tunda ba ya iya sunkuyo, ya sa suka ɗora Rinar a kan teburin gugana, har yau ƙafar teburin ɗaya a karkace take. Bakanike ya miƙo hannu zai taya shi, ya ce ya matsa. A tsaye ya kwance ta, ɗaya bayan ɗaya, ya wanke kowane ƙarfe da fetur, ya shanya a tabarma. In zai miƙa wa mutum sai ya haɗa da faɗa, wannan ba a ɗaure shi da ƙarfi, wancan ba ya son ruwa. Kafireto ya riƙe shi a hannu ya daɗe kafin ya ba Dogo. Matarsa ta ce ya bar ko madubi ne. Ya ce akwai mai buƙata.

Yanzu tsohon kushin ɗin nan na Mai Walda yake hawa zuwa wajen telolinsa, jaka a rataye, ƙafa a miƙe. In an tambaye shi sai ya ce aro ne, kuma har gobe ba babur ba ne. Jiya ma Dogo ya wuce ta titin nan a kan Rinarsa, ƙanena ya tashi kushin ya bi shi, wai ya ji kamar ba ya wanke kafireton. Ya bi shi har bakin kasuwa, ko ƙurarsa bai kamo ba. Ya dawo yana ta faɗa, yana kai da kawo a tsakar gida. Amma ni da na san shi, daɗi ya ji da ta tsere masa.