Rufin ɗakin Inna

Shekarar da aka rufe boda ina dako a tashar Jibiya. Manyan motocin Maraɗi suka jeru a bakin hanya, direbobi suna shanya wanki a jikinsu, babu lodi babu saukewa. A shekarar ne kuma Inna, mahaifiyata, ta baro ƙauyenmu na wajen Kusa saboda rashin kwanciyar hankali. Ɗaki ɗaya gare mu, ni da matata da yara, sai matar maƙwabcina ta ba Inna gefen gado. Kullum da safe Inna takan naɗe shimfiɗarta ta fito tun kafin masu ɗakin su farka, don kada ta takura musu. Wannan abu ya hana ni sukuni.

Akwai ɗakin da na fara ginawa a bayan namu, na kai shi linta tun siminti bai haukace ba. Rufi ya rage. Duk ranar da na je tambayar kuɗin kwano sai in tarar ya ƙaru, mai shago ya ce dala ce, ya ƙara da cewa in ban saya yau ba zan yi kuka gobe. Ga damina tana matsowa.

Wani dattijon kafinta a unguwarmu ya ce masu rumfunan bakin boda suna kwance rumfunansu tunda ciniki ya mutu, in je in sayi tsohon kwano. Na je na samu. Amma ban biya ba sai da na kai mai sayarwar gaban mai unguwa aka tabbatar mini rumfarsa ce, domin ba zan kwantar da uwata ƙarƙashin kayan da ban san asalinsu ba.

Da muka baje kwanon a tsakar gida, na duba da kyau. Ko'ina hujin tsohuwar ƙusa.

"Baba, wannan ai rariya ce," na ce.

"Rariyar ita kuɗinka suka saya," in ji kafintan. "Nemo kwalta ka daina kallona kamar ni na huda shi."

Ya buga rufin, muka narka kwalta a tsohon gwangwani, muka bi huji muna liƙewa da ƙyalle. Ya ce an gama. Ni ban yarda ba. Da rana ta take tsaka na shiga ɗakin, na rufe ƙofa, na toshe taga da buhu, na kwanta rigingine. Sai ga ɗigon haske nan da can, ƙanana kamar idon allura. Na ɗaura gawayi a bakin sanda ina yi wa kowanne alama, sannan na hau sama na liƙe. Washegari na sake, na ga waɗansu. Haka na yi ta yi, ƙarfen yana ƙona mini gwiwa.

"Kai dai da za ka samu, sai ka liƙe sararin sama ma," in ji kafinta, yana shan inuwa.

"Baba, tsohuwa ce za ta kwanta."

"To ni yaro ne? Nawa ɗakin da kwanon tuwo nake tare ruwa."

Inna ta tare kafin ruwan farko. Ranar da hadarin ya haɗo da la'asar na baro tasha da gudu, na zauna bakin ƙofarta ina bin rufin da ido. Ruwa ya sauko da ƙarfi, ƙarar kwano ta cika ɗakin. Ko'ina a bushe, sai can kusurwar gabas, inda kwano biyu suka haɗu, ɗigo ya fara sauka a kan buhun geronta.

Ta ja buhun gefe, ta tura ƙwarya wurin.

"Bar shi mana, ai wannan ba yoyo ba ne," ta ce.

Na ce to. Da ruwan ya ɗauke na aiki matata ta hura wuta, na ɗora gwangwanin kwalta, na je aron tsani.